Fiesta ST a Filin Tsere Karo na Farko: Da Me Ya Kamata a Fara?

Wani matashi ɗan'uwanmu mazaunin Ingila ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi Ford Fiesta ST ƙirar 2014 wadda ta yi tafiyar mil 70,000, kuma yana so nan da wata biyu ya kai ta ɗaya daga cikin ranakun da ake buɗe filin tsere ga masu motocin hawa, inda kowa ke biyan kuɗi ya zagaya da tasa ba tare da gasa ba. Ya tanadi kimanin fam 700 domin shiri, abokansa kuwa sun ba shi shawarar ya sa a taɓa kwamfutar injin don ƙara masa ƙarfi, sannan ya sauya salansa. Yana son sanin da wanne zai fara.

Ƙanena, kada ka fara da ko ɗaya daga cikin biyun. A shekarun da na yi ina aikin kanikanci a ƙasar nan, ina kuma shirya wa mutane motoci domin irin wannan rana, ban taɓa ganin sabon shiga ya koma gida da wuri don injinsa ya gaza ƙarfi ba, amma na ga da yawa da suka tattara kayansu kafin azahar saboda birki ya tafasa, ko taya ta cinye, ko injin ya ɗauki zafi. Motarka da ma ba raguwa ba ce. Injin lita 1.6 ne mai turbo, mai ƙarfin doki kusan 180, a jikin da bai kai kilo 1,200 ba, kuma a ranarka ta farko ba za ka iya cin moriyar duk abin da take da shi ba, balle ka nemi ƙari. Abin da filin tsere yake jarrabawa a jikin motar titi shi ne yadda take jure zafi, kuma duk kuɗin da ka tanada can ya kamata ya tafi.

Ga lissafin da nake yi wa kowa domin ya fahimci girman lamarin. Idan motar, da kai a ciki da mai a tanki, ta kai kilo 1,250, ka taho a gudun kilomita 160 a awa, ka taka birki ka sauko zuwa 60 domin shiga kwana, to a cikin 'yan daƙiƙun nan birkin ya mayar da ƙarfin gudun zuwa zafin da zai ishi a tafasa lita 3 na ruwa. Mafi yawan zafin nan a ƙafafun gaba yake sauka, domin can nauyin motar yake komawa idan an taka. A titi, mutum kan yi wata guda bai yi irin wannan taku ba ko sau ɗaya, kuma idan ya yi, birkin yana da lokacin hucewa. A fili kuwa za ka yi shi sau uku ko huɗu a kowane zagaye, na gaba yana riskar na baya kafin faifan birkin ya sha iska. Bugu da ƙari, zafin yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato ɗan ƙarin gudun da taɓa kwamfutar zai ba ka a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, birkin ne zai biya shi da riba. Fiesta ST tana da wani hali da ke ƙara wa birkinta aiki: ba ta da na'urar ƙarfe mai raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba, sai kwamfuta ce ke ɗan matse birkin ƙafar da ke cikin kwana domin kada ta yi ta juyawa a banza. Saboda haka ko a lokacin da ƙafarka take kan totur kana fita daga kwana, birkin gaba bai samu hutu cikakke ba.

Man birki shi ne abu na farko, shi ne mafi arha, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Da yawanmu mun taso muna ganin ana ƙara man birki idan ya ragu, ba mu saba ganin an zubar da tsohon gaba ɗaya an zuba sabo ba. Amma man nan yana shan danshin iska a hankali, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Ƙa'idar ingancin man birki ta DOT 4 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Selsiyos, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar takan sauko zuwa digiri 155. Idan ya tafasa sai ya yi tururi a cikin bututu, tururi kuma yana matsuwa, sai ka taka feda ta tafi ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Na taɓa karɓar motar wani bawan Allah da wannan ya same shi a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, Allah Ya taimake shi akwai tsakuwar da ake zubawa a gefen kwana ta tare motar. Da muka zuƙo man daga ƙafafun gaba, ya yi baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma babu wata shaida a takardun motar cewa an taɓa sauya shi. Ka sa a wanke layin gaba ɗaya da sabon mai mai jure zafi, mako ɗaya ko biyu kafin ranar. ATE Typ 200 yana kai digiri 280, Motul RBF 600 kuma yana haura 300, kuma kowannensu ya ishe ka. Ka sani dai irin waɗannan ba a barin su shekara biyu kamar na kamfani idan ana kai motar fili, kuma kada ka bari a zuba DOT 5, domin shi na siliki ne, ba ya haɗuwa da sauran, duk da cewa sunansa ya yi kama da DOT 5.1 wanda yake haɗuwa.

Daga nan sai takalman birki da fayafai. Takalmin da ya cinye fiye da rabi bai dace da wannan rana ba, ko da zai iya kai ka wata shida a titi, domin kaurinsa shi ne katangar da ke tsakanin zafin faifai da man birki, kuma siririn takalmi yana ƙarewa da sauri fiye da yadda ake zato idan ya yi zafi. Da kuɗin da ke hannunka, ina ganin ya dace ka sa wa gaba takalma masu jure zafi waɗanda har yanzu suna kamawa da sanyin safiya, irin su Ferodo DS2500 ko Mintex M1144, ka bar na baya a kan na kamfani muddin suna da kauri. Kada ka sayi na tsere zalla, domin ba sa kamawa sosai sai sun yi zafi, suna ƙara, suna kuma cin faifai, alhali da motar nan za ka je aiki washegari. Faifai kuma ana rubuta mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, sai a auna a gani. Idan ya kusa iyaka, ko yana da tsaga da ta kai bakinsa, a sauya shi da lafiyayye marar ado, ba sai mai huji-huji ba. Sabon takalmi yana bukatar a zaunar da shi kafin ranar: ka samu hanya marar cunkoso, ka yi taku mai ƙarfi sau takwas zuwa goma daga gudun mil 60 a awa zuwa kusan 10 ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar mintuna da dama kana barin su su huce. Wanda ya ɗaura takalma da daddare ya shiga fili da safe yakan same su sun yi santsi tun zagayen farko.

Ka koyi bambance alamomi biyu, domin za su iya ceton ka. Idan feda ta yi laushi tana tafiya ƙasa, man ne ya tafasa. Idan kuwa feda tana nan da taurinta amma motar ba ta tsayawa kamar ɗazu, kuma kana jin ƙauri, takalman ne suka wuce zafin da za su iya ɗauka. A kowanne hali, ka sassauta nan take, ka ba na bayanka hanya, ka zagaya a hankali ka fita.

Taya ita ce ta biyu a muhimmanci, kuma a nan ma shawarata ita ce ka guji tayoyin fili masu ɗan zane kaɗan. Suna riƙe ƙasa sosai, to amma riƙon nan yana ɓoye kurakuran sabon direba, yana ƙara wa birki da ƙafafu wahala, kuma idan suka saki sukan saki a gudun da ya fi ƙarfin gwanintarka. Ga kuma ruwan saman ƙasar nan da ba ya sallama. Tayar titi mai kyau, irin Michelin Pilot Sport 4 a girman motarka na 205/40 R17, tana yin kuka kafin ta saki, kukan nan kuwa malami ne. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta yana nan, wadda kuma ta yi ƙullutu a gefe ko aka yi mata faci kusa da kafaɗa ba ta shiga fili. Ka tuna da tayoyin nan za ka koma gida, dokar Birtaniya kuma ta ce zane kada ya gaza milimita 1.6, da maki uku na hukunci a lasin kan kowace taya da ta gaza. Saboda haka ka je da aƙalla milimita 4 a gaba. Yawancin filayen Ingila ana zagaya su ne ta dama, don haka tayar gaba ta hagu ce ke ɗaukar nauyi, ita za ka riƙa dubawa bayan kowace fita.

Iskar taya tana bukatar kulawa duk yini. Ka fara da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka yi fitar farko, da ka dawo ka auna tun tayoyin suna da zafi. Za ka tarar iskar ta hau da fam 4 zuwa 6 a ma'aunin psi, wani lokaci fiye a gaba. Ka rage ta ta dawo wajen 34 ko 35 da zafinta, ka sake aunawa bayan fita ta gaba. Iska mai yawa tana sa motar ta riƙa zamewa a tsakiyar taya, ƙarancinta kuma yana naɗe kafaɗar tayar ya cinye ta cikin awa guda. Ka sayi ma'aunin iska naka da ɗan famfo mai aiki da batirin mota.

Injin ba ya bukatar ƙari, lafiya yake bukata. A zuba sabon baƙin mai irin wanda littafin motar ya ambata, da sabuwar matata, a cika shi zuwa layin sama ba tare da an wuce ba, domin a doguwar kwana man yana tattaruwa gefe guda, kuma idan da ma ya yi ƙasa famfon zai zuƙi iska. Ka riƙe lita guda a but. Game da sanyaya inji akwai abin da ya shafi motarka kai tsaye: Ford ta yi kiranyen wasu motoci masu wannan injin na 1.6 EcoBoost, har da Fiesta ST na shekarun farko, saboda matsalar ruwan sanyaya inji da kan iya sa kan injin ya tsage, wato ta nemi a kai su a gyara. Ka shiga shafin gwamnati na duba kiranyen motoci da lambar motarka, ko ka tambayi dillalin kamfanin, ka tabbatar an yi aikin. A kuma duba lagireto da tiyo-tiyo da tulun ruwan, domin robar da ta shekara goma tana iya jure zirga-zirgar gari ta fashe a fili. Injin nan da bel ake daidaita bugunsa, wato timing belt, ba da sarƙa ba, don haka idan babu takardar da ta nuna an sauya bel ɗin a mota mai waɗannan shekaru, to wannan ya riga komai, ko da zai cinye rabin kuɗinka. Sannan a ɗaga motar a girgiza kowace ƙafa a ji ko boris ko wani haɗi yana wasa, a duba shakazoba ko tana yoyo, a daidaita ƙafafun bisa ma'aunin kamfani.

Maganar salansa kuwa, tana iya hana ka shiga filin ɗungurungum. Filayen Ingila suna zaune ne kusa da ƙauyuka, kuma hukumomin yankunan sun ɗora musu iyakar ƙara. Da safe za a sa ma'auni rabin mita daga bakin salansarka, a ce ka ɗaga injin zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakarsa. A wurare da yawa iyakar desibel 105 ce, wasu ranaku ƙasa da haka, filin Bedford Autodrome kuma ya yi suna wajen tsanani, har da ma'aunin da ke sauraron mota tana wucewa. Salansar kamfani tana wucewa lafiya a ko'ina. Wanda aka kora saboda ƙara ba a mayar masa da kuɗinsa.

Idan ba ka riga ka zaɓi fili ba, ka nemi mai faɗin gefe, inda kuskure zai kai ka ciyawa maimakon katanga. Bedford da Blyton Park, waɗanda dukansu tsofaffin filayen jiragen sama ne, sun dace da sabon shiga. Cadwell Park yana da daɗi ƙwarai amma siriri ne, ga hawa da gangara, ga shinge kusa, sai ka bar shi zuwa gaba. Haka nan Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, ba wurin koyo ba ne ko kaɗan. Kamfanoni irin su MSV Trackdays da Javelin suna shirya ranaku ko rukunai na sababbin shiga kawai, kuma irinsu za ka nema. Idan ka zo biya, ka haɗa da malamin tuƙi na minti 20 da safe. A ganina babu kuɗin da zai ba ka riba kamar wannan, domin zai nuna maka inda za ka taka birki, inda za ka juya, da inda ya kamata idonka ya kasance, kuma direban da ya iya layi yana wahalar da birki da taya ƙasa da wanda ke kokawa da sitiyari.

Ka kuma san cewa inshorar da kake hawa titi da ita kusan tabbas ba ta rufe filin tsere ba, kuma a al'adar waɗannan ranaku kowa shi ke ɗaukar asarar motarsa ko da wani ne ya buge shi. Akwai inshorar yini guda da ake sayarwa domin wannan. Idan motar nan ita kaɗai gare ka, ko kuma ba ka gama biyan bashinta ba, ka saya.

Ranar kanta, ka je da lasinka, da riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmi mai siririn tafi. Hular kwano wajibi ce, ana kuma bayar da haya a wurin. Ka kwashe komai daga cikin motar, har da shimfiɗar ƙafar direba da kwalbar ruwa, domin abin da ya gangara ƙarƙashin feda a tsakiyar taku babbar masifa ce. Ka ɗaura ƙugiyar jan mota a gaba tun kafin ka shiga. Ka ɗaure notocin ƙafa da sufana mai ma'auni bisa adadin da ke littafin, amma da sanyinsu, ba lokacin da ka fito da zafi ba. Ka cika tanki da fetur mai lambar inganci (octane) 99 kafin ka iso, ka kuma sa ido a kansa, domin a fili motar za ta sha ninki biyu ko uku na abin da ka saba, kuma idan ya yi ƙasa da kwata yana iya yankewa a kwana. Za a yi muku bayani kafin a fara, a nuna muku tutoci: rawaya haɗari ne a gaba, a sassauta kuma ba a wuce kowa, ja an dakatar da zagaye, shuɗiya akwai mai sauri a bayanka, baƙa kuma kai ake kira ka fito. Ba a ɗaukar lokaci, ba a tsere da kowa, kuma wucewa sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka faɗa, bayan na gaba ya ba da izini da sigina.

Na'urar hana zamewa ta motarka tana da matakai uku, kuma ina roƙon ka bar ta a kunne duk safiya, idan ka saba ka koma matakin tsakiya, kada ka kashe ta gaba ɗaya a wannan rana. Dalili shi ne Fiesta ST an gina ta da baya mai saurin juyawa. Idan ka shiga kwana da gudu, tsoro ya kama ka, ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, nauyi zai koma gaba, bayan ya yi sauƙi ya nemi ya riga gaban. Gwanaye suna son wannan hali, da shi suke juya motar, amma ga wanda bai san shi ba shi ne hanyar da aka fi bi a juya a fili. Maganinsa shi ne ka gama birkinka motar tana miƙe, ka shiga kwana a gudun da ka tabbata da shi, ka ƙara totur a hankali yayin da kake warware sitiyari.

Kada fitarka ta wuce minti 10 zuwa 15: zagaye ɗaya na ɗumama taya da inji, huɗu ko biyar na aiki, sannan ɗaya cikakke na hucewa wanda da ƙyar za ka taɓa birki a cikinsa. Idan ka tsaya, kada ka ja hambirki kuma kada ka bar ƙafarka a kan feda, domin takalmi zai manne wa faifai mai zafi ya bar tabo, daga nan sitiyari ya fara rawa duk lokacin da ka taka. Ka bar injin yana aiki minti biyu saboda turbo, sannan ka kashe, ka sa giya, ka buɗe bonet. Ka huta aƙalla minti 20, ka sha ruwa, ka leƙa kaurin takalman ta tsakanin ƙarafan ƙafa. Ana tsayawa hutun rana kimanin awa guda, wanda zai ishe ka salla da abinci. Gajiya takan shigo ne wajen la'asar ba tare da mutum ya lura ba, kuma da ka ga ka fara kuskuren wuraren takunka biyu a jere, to ka tsaya haka nan ko da sauran lokaci.

Kafin ka kama hanyar gida, ka jira tayoyin su huce ka mayar musu da iskarsu ta titi, domin wadda ka rage da zafi za ta bar su ƙasa da ƙa'ida. Ka kwance ƙugiyar, ka duba zanen tayar gaba ta hagu da matakin baƙin mai da ruwan inji, ka gwada birki a hankali kafin ka hau babbar hanya, ka kuma riƙa kallon allon gudu, domin bayan yini a fili mil 70 zai yi maka kamar tafiyar ƙafa. A cikin makon, ka sa a cire ƙafafun gaba a duba takalma ciki da waje da robobin da ke rufe fistocin birki, waɗanda zafi kan ƙona, kuma idan feda ta yi laushi ko sau ɗaya a ranar, a sake zuƙe man daga kowace ƙafa har sai sabo ya fito.